Tambaya: wane karatu ake yi kafin mutum ya zama kairofrakta, kuma ta ina ɗan Kaduna zai fara?

Maman Sadiq, Unguwar Dosa

Assalamu alaikum. Tambayata ga ma'aikatan lafiya da ke wannan zaure ce, da kuma duk wanda ya san harkar karatu a ƙasashen waje. Yarona ya kammala sakandare bana, ya samu kiredit a darussan kimiyya, kuma tun kafin sakamako ya fito ya ƙwallafa rai a kan aikin da ake kira kairofraktik, wato na masu magance ciwon baya da na wuya ta hanyar danna ƙashin baya da hannu. A TikTok da YouTube ya fara ganinsu, inda ake kwantar da mutum a kan wani gado na musamman, a danna masa baya ko a juya masa wuya har a ji ƙas, ya tashi yana murmushi. Da yake kakansa na wajen uba maɗori ne, dangi sai cewa suke yi gado ne ya motsa, a bar shi ya bi.

Mun duba jerin kwasa-kwasan JAMB tare da shi, ba mu ga wannan fanni ba. Ana cikin haka wani ya turo masa tallar wata cibiya da ke cewa tana koyar da aikin cikin mako shida, rabi ta intanet, rabi a aji, sannan ta ba da satifiket. Kuɗin da suka yanka ba kaɗan ba ne a wurinmu, shi ya sa nake son in ji ta bakin masana kafin mahaifinsa ya biya. Shekara nawa ake yi a karatun na gaskiya, me ake karantawa, a ina ake yi, kuma idan ya gama zai samu abin yi a nan gida?

Abu Hanif, likitan fisiyo, Malali

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya yi wa yaro albarka, ya sa ku ci moriyar karatunsa. Ni fisiyo na karanta, wato aikin farfaɗo da motsin jiki da gaɓoɓi, a nan Kaduna nake aiki, kuma da yake hukuma ɗaya ce ke yi wa mu da su rajista, zan faɗi abin da na sani.

Batun mako shida ki ajiye shi gefe, kada a biya ko sisi. A shekarar 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin horar da kairofrakta, inda ta ce wanda zai fara daga tushe yana buƙatar aƙalla sa'o'i 4,200 na karatu a gaban malami, cikin shekara huɗu cur, kuma 1,000 daga cikinsu a wurin duba marasa lafiya za a yi su, malami na tsaye a kansa. Hatta wanda ya riga ya zama likita, idan yana son ya koma wannan fanni, sa'o'i 2,200 aka yanka masa cikin shekara biyu ko uku. Idan kuwa mutum ya zauna a aji sa'a takwas kullum, har da Asabar da Lahadi, mako shida sa'o'i 336 kawai zai ba shi. Ki auna da kanki.

A Amurka, inda aka ƙirƙiro aikin, ba a shiga makarantar kairofraktik kai tsaye daga sakandare. Sai ɗalibi ya yi aƙalla shekara uku a jami'a, ya tara abin da suke ƙirgawa da kiredit 90, da kaso mai yawa na darussan kimiyya kamar bayoloji da kemistiri da fiziks, kuma da yawa daga cikin masu nema digirinsu na farko suke kammalawa tukuna. Daga nan sai ya yi shekara uku da 'yan watanni zuwa huɗu a makarantar kairofraktik ɗin, ya fita da digirin da ake taƙaitawa da DC. Jimilla ke nan shekara shida da 'yan watanni zuwa takwas bayan sakandare. Bayan digirin akwai jarrabawar hukumarsu ta ƙasa, NBCE, wadda ke da kashi huɗu: na farko kan ilimin tushe, na biyu kan gano cuta da karanta hoton ƙashi, na uku kan yadda za a yanke shawara a kan marar lafiya, na huɗu kuma na aiki ne da hannu a gaban masu jarrabawa. Sai ya ci waɗannan sannan jihar da zai zauna ta ba shi lasisi, domin a can kowace jiha da nata lasisin.

A nahiyarmu kuwa, inda aka san ana wannan karatu a matakin jami'a shi ne Afirka ta Kudu, a Jami'ar Fasaha ta Durban da Jami'ar Johannesburg. Can ana shiga daga sakandare, amma ba a yi wa mutum rajista sai ya kai digiri na biyu, wanda ke cin kimanin shekara shida, ya kuma yi horon sanin makamar aiki.

Abin da ake karantawa zai ba yaron mamaki, domin danna bayan da yake gani a waya shi ne kaso mafi ƙanƙanta a shekarun farko. Ana farawa da anatomi, wato sanin ginin jikin ɗan Adam, kuma a makarantu da dama har da buɗe gawa domin ɗalibi ya ga tsoka da jijiya da idonsa, kamar yadda ɗaliban likitanci suke yi a Zariya. Ki faɗa masa wannan tun yanzu, saboda akwai waɗanda zuciyarsu ba ta ɗauka. Zai haddace ƙasusuwan gadon baya guda 33, bakwai a wuya, goma sha biyu a bayan ƙirji, biyar a kwankwaso, sauran kuma a manne suke a ƙasa, ya san jijiyar da ke fita tsakanin kowane biyu da sashen jikin da take zuwa. Sai ilimin yadda sassan jiki ke aiki, da ilimin cututtuka, da na ƙwayoyin cuta, da na ƙwaƙwalwa da laka, da karanta hoton ƙashi, wanda suke ba wa lokaci mai yawa. Shekarar ƙarshe a asibitin makaranta ake yin ta, ɗalibi ya ɗauki tarihin ciwo, ya duba, ya kai wa malami abin da ya gano kafin ya taɓa kowa. Duk da sunan dakta da ake kiransa da shi, kairofrakta ba ya tiyata, kuma a mafi yawan wurare doka ba ta ba shi damar rubuta magani ba.

A nan Nijeriya, hukumar da ke yi wa masu wannan aiki rajista ita ce MRTB, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 38 ta shekarar 1988. Ita ce ke kula da mu 'yan fisiyo, da masu gyaran magana da ji, da masu haɗa ƙafar roba, da kairofrakta. Duk inda mutum ya yi karatu, sai ya kai takardunsa an tantance an ba shi lasisi kafin ya buɗe wuri, kuma duk shekara ake sabunta lasisin. Tambaya ɗaya za ki yi wa masu tallar nan: wanda ya gama kwas ɗinku, MRTB tana yi masa rajista a matsayin kairofrakta? Ki ce su nuna miki a rubuce.

Ɗan Kawo a Ingila

Mama, barka da ƙoƙari. Ni aikin jinya nake yi a kudancin Ingila, don haka zan ƙara da abin da ya shafi nan.

A ƙarƙashin dokar 1994, laifi ne mutum ya kira kansa kairofrakta a ƙasar nan idan ba ya cikin rajistar majalisarsu, GCC. Karatun shekara huɗu ne, ana fita da digiri na biyu a haɗe, kuma ana shiga ba tare da wani digiri na farko ba, wanda ya sa ya fi na Amurka gajarta. Tsohuwar makarantarsu tana garin Bournemouth, an buɗe ta a 1965, kuma akwai wani sashe a Jami'ar Kudancin Wales, da wasu ƙalilan. Sai dai wanda ya zo da WAEC ko NECO kaɗai yawanci sai ya yi shekara ɗaya ta share fage, ya kuma ci jarrabawar Turanci, ya zama shekara biyar ke nan.

Maganar kuɗi ita ce babba, kuma gara a faɗe ta a fili. Ɗalibin da ya zo daga waje ya fi ɗan ƙasa biya, ga haya, ga abinci, ga kuɗin biza da na inshorar lafiya, kuma duk da fam za a biya alhali da naira ake samu. A Amurka ma kuɗin makaranta kaɗai a yawancin makarantun ya haura dala 100,000 kafin a gama. Kada a dogara da cewa yaro zai yi aiki ya biya wa kansa, domin sa'o'in da bizar ɗalibi ta yarda ya yi aiki ƙayyadaddu ne, karatun kuma ba ya barin sarari.

Akwai abin da ba a rubutawa a takardar talla, amma ya kamata ɗan gidanmu ya sani. Aikin hannu a jikin juna ɗalibai suke koyonsa. A ajin gwaji kowa yakan rage tufafi, ya sa gajeren wando ko rigar asibiti mai buɗaɗɗen baya, ɗaya ya kwanta, ɗaya ya bi gadon bayansa da yatsu yana lalubo kowane ƙashi, wani lokaci har da sa alama da alƙalami a fata, sannan su yi musanya. Ajin kuma maza da mata ne. Makarantu sukan saurari wanda ya nemi a haɗa shi da jinsinsa, amma a tambaya a rubuce kafin a biya kuɗi, kada sai an je a tarar da abin da ba a shirya masa ba. Sannan a nan ma mafi yawan kairofrakta a wuraren kuɗi masu zaman kansu suke aiki, ba a asibitin gwamnati ba.

Baba na Rigasa

Ni dai ina karanta bayananku ina jinjina kai. Mahaifina maɗori ne, haka kakana, kuma babu wanda ya taka ko Legas a cikinsu balle Amurka, amma daga Birnin Gwari har Kaciya ana kawo musu karaya da targaɗe da gocewar ƙashi, su ɗora da karan dawa da tsumma da addu'a, mutum ya miƙe ya koma gona. Yanzu a ce yaron da ya gaji abin nan a gidansu sai an sayar da fili an tura shi ƙasar Turawa ya koyo danna baya? Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. 'Yata, me zai hana ya zauna wurin dangin kakansa ya karɓi abin hannunsu? Ku likitoci ku gaya mini bambancin, don ni ban gan shi ba.

Ummu Khairat, likita, Barnawa

Baba, Allah ya ƙara girma. Tambayarka tana kan hanya, kuma amsarta ce za ta fi amfanar Hajiya.

Aikin biyu ba ɗaya ba ne. Maɗori ƙashin da ya karye ko ya goce yake gyarawa, kairofrakta kuwa ba ya ɗori sam. Hasali ma karaya tana cikin abubuwan da aka hana shi taɓawa, ana koya masa ne ya gane ta ya tura asibiti. Shi aikinsa a kan gaɓoɓin da ba su karye ba ne, waɗanda suka ƙage ko suke ciwo, ya motsa su da wani ɗan turi mai sauri. Ƙarar da ake ji ba ƙashi ba ne ya koma mazauninsa, iska ce ke haɗa kumfa a cikin ruwan gaɓa, daidai da abin da ke faruwa idan mutum ya ja yatsunsa suka yi ƙara. Saboda haka ko da yaron ya zauna wurin dangin kakansa, wani aikin daban zai koya. Mai son gadon ɗori ta hanyar boko likitan ƙashi yake zama, ya yi shekara shida a makarantar likitanci, ya yi shekarar horo da bautar ƙasa, sannan ya ƙara wasu shekaru na ƙwarewa a wuri irin Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Ya kamata kuma Hajiya ta san asalin fannin, domin har yau yana bin sa. Wani mutum mai suna Daniel David Palmer ne ya fara shi a garin Davenport na jihar Iowa a 1895, bayan ya ce ya danna bayan wani mai sharar ginin da yake aiki, Harvey Lillard, wanda ba ya ji sosai, jinsa ya dawo. Palmer ba likita ba ne. Ya buɗe makaranta a 1897, ya riƙa koyar da cewa kashi 95 cikin 100 na cututtuka daga gocewar ƙasusuwan baya suke, kuma a 1906 an ɗaure shi saboda yin aikin likita ba lasisi. An daɗe ana fafatawa tsakaninsu da likitoci, sai a 1974 jiha ta ƙarshe a Amurka, Louisiana, ta amince ta ba su lasisi. Bincike bai gaskata waccan da'awa ta Palmer ba. Ita kanta majalisar da Ɗan Kawo ya ambata ta fito a 2010 ta ce babu hujjar bincike da za ta sa a ce wannan gocewa ce ke haddasa cuta. Inda aka samu hujja shi ne ciwon baya na yau da kullum, da wasu nau'o'in ciwon wuya, kuma ko a nan amfanin matsakaici ne, bai ɗara na motsa jiki da sauran hanyoyin fisiyo ba. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 kan ciwon kwankwaso mai daɗewa, ta sa shi cikin abubuwan da za a iya yi, tare da motsa jiki da tausa da wayar da kan marar lafiya. Duk makarantar da ke koyar da cewa danna baya yana warkar da asma ko hawan jini ko rashin haihuwa, a guje ta, ko da a Amurka take.

Dalilin da ya sa nake ganin shekarun nan ba ɓata lokaci ba ne shi ne wannan: koyon turin ba shi ne mai wuya ba, sanin bayan da ba a taɓawa shi ne karatun. A ƙasarmu kuma wannan ya fi muhimmanci fiye da a Turai, saboda irin cututtukan da ke ɓuya a bayan ciwon baya a nan. Na farko tarin fuka na ƙashin baya. Ƙwayar tibi takan bar huhu ta sauka a ƙasusuwan baya ta riƙa cinye su a hankali, mutum ba ya ma tari, ciwon baya kawai yake ji, da zazzaɓin dare da gumi da rama. An taɓa kawo mana wani matashi ɗan acaba a kan tabarma, wanda ya yi watanni yana fama da baya, kowa na cewa zaman babur ne. Wani mai tausa ya kwantar da shi rubda ciki ya hau bayan da gwiwa, washegari ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Da muka ɗaga rigarsa, ga wani ɗan ƙullutu ya turo a tsakiyar baya, wanda duk wanda aka koya wa zai gane da ganin farko, hoton kuma ya nuna ƙasusuwa biyu sun rufta sun danne laka. Da maganin tibi aka fara ba shi tun farko, wanda kyauta ake bayarwa a asibitocin gwamnati, da wataƙila ba a kai ga haka ba.

Ba shi kaɗai ba ne. Mai sikila yakan zo da ciwon kwankwaso alhali kan ƙashin cinyarsa ne ke mutuwa saboda jini ba ya isa. Dattijo yakan zo da ciwon baya alhali sankarar mafitsara ce ta yaɗu zuwa ƙashi, haka mace mai sankarar mama. Tsohuwar da ƙashinta ya yi laushi, turi ɗaya ya isa ya karya mata haƙarƙari. Wanda ciwon bayansa ya zo da riƙewar fitsari ko kuɓucewarsa, da mutuwar fata a tsakanin cinyoyi, tiyatar gaggawa yake buƙata a ranar, ba tausa ba. Wuya kuma ya fi ko'ina haɗari, domin akwai jijiyoyin jini da ke ratsa ƙasusuwansa zuwa ƙwaƙwalwa, kuma an samu waɗanda jijiyar ta tsage bayan an murɗa musu wuya har ɓarin jiki ya shanye. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma wanda ya faɗa wa ba ruwansa da ƙarancinsa. Duk waɗannan a ranar farko kamarsu ɗaya da ciwon bayan mai ɗaukar buhu a Kasuwar Bacci, kuma ba a koyon rarrabe su a mako shida.

Baba, maɗora na ƙwarai ma ai sun san wannan a nasu fannin. Na ga waɗanda idan aka kawo musu karayar da ƙashi ya huda fata, ko wadda ƙafa ta yi sanyi ta canza launi, suke cewa a wuce asibiti ba nasu ba ne. Waɗanda ba sa faɗin haka su ne suke sa mu yanke hannuwan yara saboda ɗaurin da ya matse jini.

Maman Sadiq, Unguwar Dosa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, na ji maganarka, kuma zan isar wa mahaifinsa. Maganar gaskiya ba mu da ƙarfin tura shi waje yanzu, ga ƙannensa na tafe. Malam Abu Hanif, idan ya karanta fisiyo a nan gida, zai samu irin wannan aikin hannu da yake sha'awa a ciki? Kuma idan Allah ya buɗa daga baya, digirin zai taimaka masa ya ci gaba zuwa kairofraktik, ko sabon lale zai yi?

Abu Hanif, likitan fisiyo, Malali

Hajiya, zai samu. Motsa gaɓoɓi da hannu yana cikin abin da ake koya mana, tun daga jan gaɓa a hankali har zuwa turin mai sauri, kuma akwai 'yan fisiyo da suka ƙware a wannan ɓangare kaɗai bayan digiri. Kada ki ce don fannina ne nake yabonsa, amma fagensa ya fi faɗi. Mu ne muke tayar da wanda ɓarin jikinsa ya shanye, mu koya wa wanda aka yi wa tiyatar ƙashi tafiya, mu kula da yaron da aka haifa da matsalar ƙwaƙwalwa bai iya zama ba, da wanda ya ƙone fata ta ɗaure masa gaɓa, da ɗan ƙwallon da ya ji rauni. Mutane suna ce mana masu gashi saboda fitilar zafi da suke gani, alhali gashin ɗan ƙaramin ɓangare ne.

A Arewa, Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Maiduguri sun daɗe suna koyar da shi, a Kudu kuma akwai Ibadan, wadda ta fara tun 1966, da Legas da Ife da Inugu. Wasu jami'o'in sun buɗe sashen a 'yan shekarun nan, saboda haka kafin ya cike fom a tabbatar cewa hukumar jami'o'i ta ƙasa da MRTB duk sun amince da sashen, domin amincewar ɗaya ba ta wadatar ba. Zai buƙaci kiredit biyar, Turanci da lissafi da bayoloji da kemistiri da fiziks, a JAMB kuma ya rubuta Turanci da bayoloji da kemistiri da fiziks. Ya nemi maki mai yawa, don masu nema sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba, kuma da yawa daga waɗanda ba su samu likitanci ba nan suke dawowa. Karatun shekara biyar ne, a jami'o'in da suka koma sabon tsarin digirin dakta na fisiyo kuma shida, sai shekara ɗaya ta horo a asibiti, sai bautar ƙasa.

Game da ci gaba, ba sabon lale ba ne gaba ɗaya, amma kada a ɗauka za a yafe masa rabin karatun. Digirin zai iya cika masa sharaɗin shiga makarantun Amurka bayan an tantance takardunsa, kuma wasu makarantu sukan yafe darussan da mutum ya riga ya yi, sai dai kowace makaranta ita ke yanke nata hukunci bayan ta ga sakamakonsa dalla-dalla. Don haka ya adana kundin darussan da ya yi da sakamakon kowace shekara. Idan lokacin ya zo, a duba sunan makarantar a jerin hukumar da ke tantance su, CCE a Amurka, ECCE a Turai, GCC a Ingila, a shafin hukumar kanta ba a shafin makarantar ba, kuma a rubuta wa MRTB a tambaye ta ko za ta karɓi takardar kafin a biya kuɗin shekarar farko.

Kin tambayi batun samun aiki tun a farko, ba mu amsa miki sosai ba. Manyan asibitocin da ke kewaye da mu, Barau Dikko da 44 da Asibitin Koyarwa na Shika, duk suna da sashen fisiyo, kuma a tsarin aikin gwamnati ɗan fisiyo yana da matakin albashi da na ƙarin girma. Ni tun da na fara aiki ban ga an tallata gurbin kairofrakta a asibitin gwamnati ba. Wanda ya dawo da wannan digiri kusan dole ya buɗe wurin kansa, ya sayi gado da kayan aiki, ya biya haya a unguwar da masu iya biya suke, kuma irin waɗannan sun fi yawa a Abuja da Legas. Ana iya cin abinci da shi, amma jari ne na biyu bayan na karatu, kuma ya kamata a sa shi a lissafi tun farko.

Kafin a sayi fom ɗin JAMB, mahaifinsa ya rubuta wa shugaban sashen fisiyo na ɗaya daga cikin asibitocin nan takarda, ya nemi izinin yaron ya zo ya zauna ya kalli aiki na 'yan kwanaki, idan marasa lafiya sun yarda. Ya zo da safe ranar da ake ganin masu shanyewar jiki da ranar yara, ba ranar masu ciwon baya kaɗai ba, ya ga yadda ake ɗaga babban mutum daga keken guragu, da yadda ake maimaita motsi ɗaya da yaro yana kuka uwarsa na riƙe da shi, da yawan rubutun da ke biyo bayan kowane marar lafiya. Idan ya dawo gida ki tambaye shi abin da ya gani, sannan ku zaɓi jami'ar da zai sa a farko.